Ranar da na hana Gwaggota yin tambaya

Edita, ina gaisuwa. Ina so in ba masu karatu labarin abin da ya same ni a Zongon Kwatano, inda aka haife ni. A lokacin ina aikin sakatariya a wani buro, wato ofis, na masu shigo da kaya a Ganhi, kullum da safe in hau zem, babur ɗin haya, in tafi, kuma ina jin kaina sosai saboda Faransanci ya zauna a bakina. Mahaifiyata ta rasu ina ƙarama, ƙanwar babana ce ta riƙe ni. Gwaggo tana da tebur a ƙofar lekol, wato makarantar unguwarmu, tana sayar da alewa da biskit da sigari kara-kara, daga baya ta ƙara da sigarin lantarkin nan mai ƙamshin mangwaro da ake ce wa puf. Da wannan tebur ta yi mini karatu.

Wata Asabar delege, wato mai unguwarmu, ya aiko kirana. Ya ce ma'aikatan meri, hukumar garin, za su zo su yi wa masu tebura bayani kan sayar da taba, mai yi musu tafinta kuma ya yi tafiya, yana so in tsaya a madadinsa. Na amsa da murna. Aka taru a ƙarƙashin rumfa, yawanci mata. Jami'in ya ce an ba su ɗan wa'adi, idan ya cika ba a sayar da sigari ko puf kusa da makaranta, ba a kuma sayar wa yaro ko da aiko shi aka yi, kuma hukuma na da ikon kwashe kayan duk wanda ya ƙi ji. Na juya maganar da Hausa ba ragi ba ƙari. Sai Gwaggo ta miƙe ta ce in tambayar mata shi, idan sun tashi daga nan ina za su koma. Har yau ban san abin da ya shiga kaina ba. Kunya ce ta kama ni, kada jami'in ya gane mai sayar wa ɗalibai taba uwata ce. Maimakon in fassara, sai na ce mata ta zauna, za mu yi magana a gida. Ta dube ni, ta gyara mayafinta, ta fice. Jami'in ya tambaye ni me ta ce, na ce ba komai.

Matan ba su san inda za su nufa ba, don haka suka ci gaba da kasa kayansu. Da wa'adi ya cika aka zo aka kwashe tabar kamar yadda aka faɗa. Nan da nan magana ta zaga Zongo cewa ni na kai sunayensu meri. Idan na wuce sai hira ta tsaya. Mai kokon da nake saya tun ina yarinya ta riƙa cewa ya ƙare alhali ina ganin sa a roba. Ina da tsohon ciki a lokacin, kuma Gwaggo ce za ta zauna da ni ta yi mini wankan jego, sai ta aiko a gaya wa mijina ya nemi wata. Na je gidanta na durƙusa, ta amsa gaisuwata kamar ta baƙuwa, ta ci gaba da tsinar shinkafarta. Na yi kuka har mijina ya fara tsoron abin zai taɓa cikin.

Shi ne ya ce mini ba dokar ce ta ɓata wa Gwaggo rai ba, domin ita kanta ta taɓa gaya masa ba ta jin daɗin ganin 'yan mata masu kayan makaranta suna zuƙar puf a bayan katanga. Abin da ya yi mata ciwo shi ne ta yi tambaya a gaban mutane, 'yar da ta riƙa ta zaunar da ita. Washegari na koma na ce mata ban zo ba da haƙuri da baki kawai ba, na zo ne in kai ta meri ta yi tambayarta, ni kuma in fassara ko me ta faɗa. Sai ta ce, "To ki faɗa yadda na faɗa." Muka tafi da ita da wasu mata biyu da delege.

Gwaggo ta yi magana son ranta, har da faɗa, ban rage ko kalma ba. Jami'in ya saurara, ya ce ai da an tambaye shi tun a ranar taron, da ya amsa. Ba a kore su daga ƙofar lekol ba, taba ce kawai za ta tashi. Mai son ci gaba da sayar da sigari ga manya kuma, delege zai duba mata wuri can wajen tashar mota. Kayan da aka kwashe ba su dawo ba. Ɗaya daga cikin matan ta koma tasha, Gwaggo kuwa ta ce ƙafarta ba za ta iya ba, ta zauna inda take ta ƙara da soyayyar doya da ƙosai, yanzu har layi ake yi mata. Ita ta yi mini jego. Wasu a unguwa har yanzu suna gaishe ni a daƙile, amma suna raguwa.

Na gane cewa hukuma na da hurumin tsara inda za a sayar da abin da ke cutar da yaranmu, kuma mu ma muna da bakin tambaya, ƙofarta ba a kulle take ba. Ina jan kunnen 'yan'uwana da suka yi boko: idan aka tsayar da ku tsakanin iyayenmu da hukuma, ku isar da maganar kowa yadda ya faɗe ta, ko da za ta ba ku kunya. Ba a kira ku don ku zaɓi wanda za a ji ba.