Matakalar da Abba Bai Gama Hawa Ba

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, 11 ga Fabrairu, ina kishingiɗe da ɗan littafin soyayya a hannu, mijina Rashed ya kira. Ya ce mahaifinsa, Alhaji Mokbul Patwari, ya yanke jiki ya faɗi a matakalar tashar jirgin ƙasa, a hanyarsa ta ganin likitan zuciya a Manhattan. Kafin a isa asibiti rai ya yi halinsa.

Abba, ku ne kuka ɗauko ni a filin jirgi ranar da na iso daga garinmu Noakhali, amarya da ido jajur don kuka. Kuka tsaya a unguwar Jackson Heights kuka saya mini shayi da littattafan harshenmu na Bangla. Kuka ce, "Bouma, karanta abinki, ɗan nan nawa bai iya hira ba." Tun daga ranar ban ji kun kira ni da sunana ba, sai Bouma, matar ɗa.

Da kuka bar tuƙin tasi, tsohuwar motarku ta zama ta tsofaffin masallacinmu. Duk mai zuwa asibiti ku ne direbansa, kyauta. Da aka sa haraji a kan motocin da ke shiga tsakiyar gari, kuka rantse ba za ku biya ba, kuka dinga zuwa taron unguwa da kwalinku mai rubutun adawa da harajin. Ni kuwa harajin ya burge ni. Na hango tituna shiru, ina tafe kamar jarumar littafi. Na ce, "Abba, ai ga jirgin ƙasa nan." Kuka ce, "Jirgi na masu gwiwa ne. Wanda ya tsara abin nan ya zo in ara masa ƙafafuna yini guda." Dariya na yi.

Da safiyar Talatar nan rantsuwa ta hana ku ɗaukar mota. Kuka tsaya a bakin ƙofa da hularku. "Bouma, ki raka ni mana, in dafa kafaɗarki a matakala." Na ce, "Abba, bari in ƙarasa babin nan." Kuka ce, "To, in na dawo kya gaya mini ko sun yi aure." Ko kaina ban ɗaga ba. Har yau ban sake buɗe littafin ba.

Ku yafe mini, Abba. Allah ya jiƙanku, ya yalwata kabarinku, ya sa duk tsohon da kuka taɓa kaiwa asibiti ya zama shaida a gare ku. Allah ya ba uwargidanku Amma Rokeya, da Rashed, da ƙanwarsa Shirin, da jama'ar masallaci haƙurin rashi.

Rashed yana so a sayar da motar, tsofaffin kuma ba su da wani mai kai su. Na ce ba za a sayar ba. Harajin zan biya, don rantsuwar taku ce ba tawa ba, amma kwalinku zan ci gaba da kai shi taro. Ranar Litinin zan fara koyon tuƙi.