Sulallan da Baba Ya Saya a Canal Street

Wata Asabar ce cikin hunturun shekarar da na shiga aji biyar, Baba ya dawo gida tun kafin la'asar, ƙanƙara tana narkewa a kafaɗar rigarsa. Ya sa Inna ta kawar da tiren waken da muke tsincewa, ya shimfiɗa hiraminsa a kan tebur, ya zazzage wata 'yar jaka. Manyan sulalla ne farare, kan mace a fuska ɗaya, mikiya a ɗayar, suna ƙyalli har ina hango hancina a ciki. Ya ce tsofaffin dalolin azurfa ne waɗanda ba a cika samu ba, masu tara irinsu suna saye da tsada.

A unguwar Highbridge ta Bronx muke a lokacin, hawa na huɗu, cikin ɗakuna biyu da bututun ɗumama gida ke ta ƙara kamar ana dukan tasa. Aikina shi ne jan keken kaya zuwa gidan wanki a gangaren unguwa, da goyon ƙanena in Inna ta tafi kitso. In rana ta fito mukan zana gidan 'yar gala-gala da alli a bakin titi, ni da Hadiza, ɗiyar Malam Sabi'u. Shi Malam Sabi'u mutumin Maradi ne kamar Baba, teburinsa na agoguna yana jingine da na Baba na huluna da tabarau a Canal Street, kuma duk Juma'a a gidanmu yake cin tuwo. A hannunsa Baba ya sayi sulallan, da kuɗin da ya daɗe yana tarawa don zuwa ganin tsohuwarsa da ke kwance ba lafiya. Burinsa kuɗin su haihu, ya kwashe mu duka, Kaka ta ga jikokin da muryarsu kawai ta sani ta waya. Inna ta dai koma tsintar wakenta.

Da yake ni ke jin Turanci, ni ce bakin gidanmu a asibiti da makaranta da gaban mai gidan haya, don haka ni Baba ya riƙe wa hannu zuwa shagon wani tsohon Bature mai sayen irin waɗannan kuɗi. Tsohon ya kunna fitila, ya manna gilashi a idonsa, ya riƙa ɗaukar su ta gefe. Bai daɗe ba ya ajiye. A hankali ya bayyana mini cewa ana duba shekara, da wani ɗan harafi da ke nuna garin da aka buga sule, sannan fatarsa. Ya miƙo mini gilashin, sai na ga siraran zane birjik sun bi hanya ɗaya, gashin matar ya shafe kamar sabulun da ya sha ruwa. Ya ciro wani daga akwatinsa, dusu-dusu, gefensa ya yi duhu, amma kowane silin gashi a tsaye. Ya ce wannan shi ne mai daraja. Namu azurfa ne, amma na shekarun da suka cika gari, kuma an goge su da inji, ba su wuce kuɗin nauyinsu ba.

Baba ya sunkuyo ya ce, "Me ya ce, ɗiyata? Faɗa mini yadda ya faɗa."

Hausata ta yara ce, ba ta kai nan ba. Na lalubo abin da nake da shi na ce, "Ya ce an wanke su, Baba. Wankin ne ya kashe su."

Ya yi wa tsohon godiya, ya mayar da su jaka ɗaya bayan ɗaya. Ya kama hannuna muka hau jirgin ƙasa zuwa Bronx.

Malam Sabi'u ya rantse shi ma haka aka sayar masa, kuma har yau ban san gaskiyar ba. Ba a yi faɗa ba. Ya dai ɗauke teburinsa ya koma wani layi, Juma'a ta zo kwanonsa yana kife, Hadiza kuwa ta fara tsallaka titi in ta hango ni. Kafin zafi ya shigo waya ta zo da safe cewa Kaka ta rasu. Baba ya zauna a kan buzunsa, abokan sana'a suna shigowa gaisuwa, a cikinmu ba wanda ya samu zuwa Maradi. Bayan nan ya sayi irin gilashin tsohon, kullum in ya dawo sai ya duba tsabar da ya samu a ciniki, yana cewa, "Ba a duba haske, fata ake dubawa." Ya ƙware sosai, amma bai taɓa dacewa da wani abin kirki ba.

Yanzu idanun Baba sun yi rauni, yana wuni a bakin taga, mutane ma da waya suke biyan kuɗi, yarana ba su damu da tsaba ba. Ni kuma tafinta nake yi a wani asibiti, tsakanin likitoci da mutanenmu. Hausata ta cika, na san sunan kowace cuta. Amma duk lokacin da wani dattijo ya sunkuyo ya tambaye ni abin da likita ya ce, nakan ji bakina ya yi nauyi kamar na yarinyar nan a shago. Kalmomin na samu, sauƙin faɗarsu ne ban samu ba.