Jirgin da Bartul Ya Hana Nutsewa

Ina kan tsani ina rage wa zaitun rassa a gonata ta bayan coci sai na hango Tonka mai shago tana hawowa, ko rigar sanyi ba ta saka ba. Tonka ba ta barin shagonta da rana tsaka. Ta tsaya a gindin bishiyar tana haki, ta ce in sauko. Na ce ta faɗa, ina ji daga nan. Ta ƙi. Sai da ƙafata ta taɓa ƙasa ta ce masunta sun tsinci jirgin Bartul yana yawo a tsakiyar mashigi, ruwa ya kai wuyan inji, shi kuma yana zaune a gindin famfo, hannunsa a kan mariƙin, babu rai. Na tambaye ta ina Perina, matarsa. Ta ce ya kai ta asibitin da ke hayin teku lafiya, likita ya riƙe ta don jininta ya faɗi. Yana dawowa shi kaɗai abin ya same shi.

Na zauna a ƙasa. Abokina ne tun ba mu san hannun dama da na hagu ba.

Layinmu ɗaya, bencinmu ɗaya a makaranta, kuma tare muka bar ta da wuri. Ni na zauna a tsibirinmu da gonar ubana, shi ya bi manyan jiragen kaya yana aikin ɗakin inji. Ya dawo da kunne ɗaya da ba ya ji sosai, ya sayi tsohon jirgin katako, ya auri Perina, wadda take gyaran kifin sardin a masana'antar kifi kafin a rufe ta. 'Ya ɗaya Allah ya ba su, Nevenka, tana aure a Split, babban birnin da ke hayin teku.

Duk wanda ya san jirgi mai inji a ciki ya san inda tsoro yake. Sandar ƙarfen da ke juya farfela dole ta huda bayan jirgi ta fita cikin teku, kuma ta wannan hudar teku yake son shigowa. Abin da ke tare shi igiya ce kawai, mai kitse, da ake yankawa zobe-zobe a cusa kewaye da sandar, a ɗaure da babban noti. Wannan aikin ne Bartul ya yi suna a kansa. Kitsen ragon bikin Ista yake amfani da shi, Perina ce ke narka masa a tsohon gwangwani. Yakan zaro tsohuwar igiya da 'yar ƙugiya, ya jera sabbin zobban yadda bakin wannan ba zai hau bakin wancan ba. In ya gama sai ya kunna inji ya ɗora tafinsa a kan notin, ya jira. Dole ya riƙa ɗiga kaɗan-kaɗan. In samari, masu kiransa Barba, wato kawu, suka ce, “Barba Bartul, ai har yanzu yana yoyo,” sai ya ce su bar shi, ɗigon nan ne ke sanyaya sandar. Wanda ya matse shi har ya bushe, igiyar za ta ƙone a tsakiyar teku.

Sai ƙodar Perina ta tsaya. Likitoci suka ce wankin ƙoda, yau tana gida, gobe tana asibiti, har ƙarshen rayuwa. Babban jirgin fito kuwa da sanyi ba kullum yake biyowa ta wajenmu ba. Nevenka ta zo ta ce za ta tafi da uwarta Split, akwai ɗaki a bene. Perina ta yi kuka irin wanda ban taɓa ganin ta yi ba. Ta ce in aka hau da ita benen nan, a akwati za ta dawo, ita dai a bar ta ta riƙa kwana a gadonta. Bartul ya ce shi zai riƙa kai ta. Nevenka ta yarda, amma ta kafa sharaɗi a gabana: ranar da jirgin ya sa uwarta ta rasa wanki ko sau ɗaya, an gama magana.

Haka ya yi ta yi, rani da damina, ba fashi. Yakan shimfiɗa mata bargo a ɗan ɗakin jirgin, ya dafa mata ruwan zafi a kwalba don ƙafafunta, ya jira ta a bakin asibiti yana cin burodi da kifi mai gishiri.

Kakar da ta wuce ne ya kira ni ya ce in sa yatsa a kan sandar. Na ji ta. Shekaru sun cinye ta, ta yi kwari daidai inda igiyar ke zama. In ya sassauta notin, ruwa ya zubo kamar an buɗe famfo. In ya matse, ya yi zafin da hannu ba ya iya taɓawa. Tsakiyar nan ta matsi da sassauci da ya yi rayuwarsa yana nema wa mutane ta ɓace a nasa jirgin. Maganin ɗaya ne, a ja jirgin tudu, a zare sandar, a kai birni a yi sabuwa. Aikin makonni ne. Na ce Perina ta zauna wajen Nevenka har a gama. Ya dube ni kamar na zage shi. Ya ce in ta shiga gidan nan ba za a sake ta ba, kuma na sani.

Sai ya koma canza igiyar jirgin yana kan ruwa, abin da shi da bakinsa yake hana mutane. Da farko ni nake nutsawa in naɗe sandar ta waje da tsumma da robar tayar keke. Da sanyi ya kama, ƙirjina ya ƙi. Sai muka koma tara tsofaffin da ke zaman hira a bakin tashar jiragen ruwa, mu jera su a goshin jirgin don bayansa ya ɗaga. Dinko, wanda ya fi kowa ƙiba, yakan zauna can gaba yana cewa yau dai tumbinsa ya yi rana, matarsa ta daina yi masa gori. Su suna dariya, mu muna can ƙasa a durƙushe, ruwa mai sanyi yana feso wa Bartul a fuska, yana tura igiya da yatsun da suka sandare, ni ina buga famfo. Duk tsibirin ya sani. Babu wanda ya gaya wa Nevenka.

Igiyar da a da take shekara, ta koma wata, ta koma mako. Ya gwada mai kauri, ya gwada ƙara zobe. Ya fara kwana biyu bai yi aski ba. Wata rana na same shi a cikin jirgin zaune ya zuba wa notin ido, ya ce min, “Vicko, duk abin da na sani na yi masa.” Ban taɓa jin muryarsa haka ba. Na rungume kansa, yana warin kitse da man inji.

Daga baya masuntan suka ce igiyar ta ƙone ƙurmus, ya tuɓe rigarsa ya cusa a wurin. Ya matse notin ne a tafiya, na tabbata, don kada ta ga ruwa a ƙarƙashin ƙafarta. Likita ya ce zuciyarsa ce ta gaji da famfon. Perina tana Split yanzu. Ta kira ni sau ɗaya, ta tambaya ko an ba kyanwarta abinci.

Safiyar ranar da ya rasu, na sauko tasha na taimaka masa muka shigar da ita. Iskar kudu ta fara tasowa. Na ce zan bi su in riƙe famfo. Ya ja ni gefe ya ce in na shiga, za ta gane abin ya lalace, kuma tsoro yana tayar mata da jini. Na ce to wannan ce ta ƙarshe, gobe ni da kaina zan kira Nevenka.

“Kira ta mana, tsohon munafuki,” ya ce, yana kwance igiyar ɗaure jirgi. “Amma ka bari sai bazara. In teku ya kwanta, ɗan ƙaramin jirginka ma zai iya kai ta, ni kuma in ja wannan tudu.”

“Bazara da nisa, Bartul.”

“Na sani. Tura mu.”