Ƙullin Maganin Likita Dauda

Duk wanda ya taɓa karɓar magani a hannun Likita Dauda ya san ba ya bayarwa a leda. Ina! Sai ya zaro wata tsohuwar takarda mai rubutun hannu, ya ari almakashina ya yanka ta gida huɗu, ya zuba ƙwayoyi ya ƙulle kamar mai sayar da yaji. A baya ya zana rana ko wata, don wanda bai iya karatu ba ya san lokacin sha. Takardun nan su ne suka kusa kunyata ni a gaban 'yarsa, amma bari na bi da ku a hankali.

Yaran yanzu ba su san shi ba. Bature ne ɗan Ingila, dogo, da takalmi ɗaya da ya sha faci. Ya koyi Hausa a asibitin kutare a Arewa tun yana saurayi, kafin aiki ya kawo shi wani mustashfa, wato asibiti, a nan Jidda. Kowace Alhamis yakan zo shagona na ɗinki a unguwar Nuzla, ya duba marasa iƙama, wato takardar izinin zama, a bayan labule, ko halala, kwabon nan ƙasar, ba ya karɓa. Ya ce mutanensu Kwaka ake kiransu, wasu Kiristoci ne da ba su da limami, ba sa yaƙi, ba sa rantsuwa. To ku dubi wanda Allah ya haɗa shi da shi, ni da ko ina kwana ba na iya yi sai na saka wallahi.

"Malam Sani, na yarda tun kafin ka rantse," haka yake cewa. "Yanzu da ka rantse ne na fara tunani."

Ga shiru! Wata rana na je gidansa a Bagdadiyya na same shi zaune a kujera, ido rufe. Ya nuna mini wata kujerar, ya ce ibada zai yi. Na zauna ina jira a fara. Shayina ya huce, ƙafata ta yi sanyi, har na ɗan yi gyangyaɗi. Can ya miƙo mini hannu ya ce, "Halas."

"Yaushe za a fara?"

"Ai mun gama. Kai ma ka yi ƙoƙari, ban da minsharin."

Da shirun nan ya taɓa rikita wani Bayamane mai sayar da fanka a kasuwar Balad. Ya tambayi kuɗi, mutumin ya faɗa, ya haɗa da rantsuwa. Likita ba ya ciniki, don haka ya tsaya yana tunanin ko yana buƙatar fankar ma. Bayamanen ya ga an yi shiru, ya rage. Shiru. Ya sake ragewa, yana share gumi. Sai Likita ya ɗaga hannu ya ce, "Aboki, tsaya, za ka cuci kanka," ya biya kuɗin farko. Bayamanen ya ja ni gefe ya ce, "Ya shekh, wannan waliyyi ne ko majnun?" Na ce ni ma binciken da nake yi ke nan.

Takardun kuwa daga wani akwatin ƙarfe suke fitowa, wanda aka aiko masa daga gida. Wasiƙun kakanninsa ne da na iyayensa, da na matarsa marigayiya. Na ce, "Haba Likita, tarihin gidanku kake ƙulle ƙwaya da shi?" Ya ce, "Na karanta su har na haddace. Takardar da bayanta fari ne ba ta gama aiki ba."

Kun san Inna Hure, Badamagariyar nan mai sayar da fura a bakin masallaci. Ya ba ta maganin gwiwa, sati ya zagayo ta dawo tana tafiya garau, ta ajiye masa ƙwayoyinsa cif, da guntun takarda.

"Inna, me kika sha?"

"Rubutun mana. Na jiƙa rabi a kofi. Waɗannan 'yan duwatsun ban san amfaninsu ba."

Ya ɗauki guntun ya duba, ya yi dariya har da hawaye. Ya ce, "Hannun matata ne. Duk rayuwarta ta so ta yi aikin jinya, ba ta samu ba. Yau ta samu." Inna Hure ta ce, "To a gaishe ta, malama ce."

Da ya tsufa ya koma ƙasarsu, ya bar mini akwatin fayau, na riƙa zuba ƙyallaye a ciki. Shekaru suka wuce. Rannan sai ga wata Baturiya da abaya a ƙofar shagona, mijinta ya samu aiki a Jidda. 'Yata Zainab ta yi mana tafinta. Ta ce sunanta Rahila, 'yar Likita ce, kuma ya rasu. Ta ce uwarta ta mutu tun ita Rahila tana goye, ba ta da ko layi ɗaya na rubutunta, kuma babanta ya ce mata takardun suna Nuzla wajen Sani tela.

Wallahi, kuma wannan rantsuwar ko shi zai yafe mini, ji na yi kamar ƙasa ta tsage na shige. Na buɗe mata akwatin, ƙyallaye. Ta dube su, idonta ya cika da hawaye.

Zainab ce ta kai labari cikin gida, kafin la'asar ya zagaye unguwa. Abin da ni da Likita muka manta shi ne mutanenmu ba sa yar da takarda mai rubutu, don ba a san ko da sunan Allah a ciki ba. Sai ga mata da tsofaffi suna zuwa, wannan da gwangwanin alewa, waccan da ƙullin zane, wani ya zaro daga cikin hula. Muka kwashe ɗinki daga tebur, Rahila ta shiga haɗa guntaye, rana da wata a bayansu. Wasiƙun uwarta suka fito ɗaya bayan ɗaya. Da ta zo kan wadda uwar ta rubuta tana ɗauke da cikinta, sai aka ga kusurwa ɗaya babu. Ta shiga dube-dube har ƙarƙashin tebur.

Inna Hure, da a lokacin ba ta tafiya sai da sanda, ta leƙa ta ce, "Zainabu, ce mata ta daina nema. Na shanye shi tun tuni. Yana nan a jikina, da shi nake tafiya."

Zainab ta fassara. Rahila ta fashe da dariya tana kuka, ta durƙusa ta dafa gwiwar tsohuwar da hannu biyu, ta daɗe ba ta ɗaga ba. Shagon ya yi tsit, har ni.

Ya Allah, Kai Ka san Dauda fiye da yadda muka san shi. Mu dai abin da muka gani, bai taɓa tambayar mara lafiya takardarsa ba kafin ya taɓa shi. Ka dubi wannan, Ka kiyaye Rahila da zuriyarta, Ka sa su gamu da masu tausayi a duk inda suka zama baƙi. Amin.