Farin Idon Mai Tsumma

Mai Tsumma muke ce masa, don ban taɓa ganin kafaɗarsa babu tsumma ba. Ni faci nake yi a bakin titi, daura da filin sayar da motocin hannu, kuma tun ina sabon shiga sana'ar yake kawo mini tayoyinsa. Direban shata ne. Da safe ya kai 'ya'yan mutane makaranta, da rana ya ɗauki wanda ya yarda zai shiga mota ba da abinci a hannu ba. Motarsa tsohuwa ce, ta ga jiya ta ga yau, amma in ta tsaya a gabana sai na kasa kunne kafin in san injin na aiki. Baƙin mai ba ya wuce ranarsa. Rami kuwa, lallaɓawa yake ya kewaye shi kamar mai ɗauke da ƙwai. Masu tsokana na cewa da motar za ta yi tari, shi zai sha maganin.

Matarsa ta riga mu gidan gaskiya. 'Ya ɗaya gare shi, kuma mijinta shi ne dillalin da ke da filin nan da nake fuskanta. Na san dillalin ciki da bai. Yana da jadawalin farashin motoci a wayarsa, irin wanda ake saka samfurin mota da shekararta da tafiyar da ta yi, ya fito da kuɗinta. In zai saya, jadawalin nan ya fi gaskiya gaskiya. In zai sayar, sai ka ji ya ce, "Ai jadawali bai taɓa buɗe bonet ba."

Sai yanar ido ta rufe idanun Mai Tsumma, duka biyun. Ranar da ya hau kan bokitin ruwana da mota bai gani ba, ranar ya ajiye makulli da kansa. Likita ya ce aiki za a yi, kuma in an yi duka biyun zai koma tuƙi. Abin da yake so ke nan a duniya, ya koma riƙe sitiyari, ko da a motar wani ce. Ba shi da abin sayarwa sai motar.

A gabana aka yi cinikin, in har za a kira shi ciniki. Dillalin ya durƙusa ya gaishe shi, ya ciro waya, ya kai ta gaban fuskar mutumin da ba ya gani.

"Baba, ga shi, ba ni na faɗa ba. Mota mai wannan shekarun, mai wannan tafiyar, iyakarta ke nan. Don kai ne ma ban rage na fenti ba."

Mai Tsumma ya san kuɗin ba su kai ba. Na ga leɓensa ya motsa. Amma ta yaya zai ce albarka ga mijin 'yarsa, mutumin da ke ciyar da jikokinsa? Ya shafa ƙofar motar da tsummansa, ya ce, "To, ɗan nan, yadda ka gani."

Kuɗin ido ɗaya suka isa. Aka yi na dama. Na hagu ya zauna fari fat, kuma da ido ɗaya ba mai ba ka 'ya'yansa ka tuƙa. Dillalin ya ce kada Baba ya damu, da kasuwa ta buɗe za a yi ɗayan. Kafin nan ya riƙa zuwa fili yana shan iska, ya fi zaman ɗaki. Ya sa masa kujera a inuwa, kusa da ƙofa.

Motar ba ta yi sati ba. Wani malamin asibiti ya zo da jadawalinsa shi ma, ya nuna. Dillalin ya yi dariya.

"Ranka ya daɗe, wannan kuɗin motar kowa da kowa ne. Wannan mutum ɗaya ya riƙe ta. Ga shi can. Dubi idonsa. Ba don ido ba, wallahi ko kai waye ba zai sayar maka ba."

Mutumin ya dubi farin idon, ya dubi tsumman, ya biya kusan ninki biyu. Mai Tsumma na zaune, ya ji komai. Ya tashi ya goge gilashin baya kafin a tafi da ita.

Daga nan dillalin ya gane abin da ya tsinta. Motar da ta kwana a ambaliya, motar da aka miƙe bayan haɗari, wadda aka mayar wa kilomita baya, duk suka zama na Baba. "Ga mai ita can, ido ne ya hana shi tuƙi." Ba a taɓa sa shi ya yi ƙarya ba. Zama kawai yake, a gaishe shi ya amsa, ya sunkuyar da kai don kunya. Masu saye kuwa sunkuyawar nan suke ɗauka baƙin cikin rabuwa da mota. An ce ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima. A filin nan makahon ido ne ke yanke farashi. Abin ya riƙa ci mini rai, har na daina kallon wajen in an shigo da mai saye.

Na ce masa wata rana, "Baba, ka daina zuwa mana."

Ya ce, "Mai faci, in na daina, wa zai yi mini ɗayan? Mijin 'yata ya ce bayan an sayar da wannan farar motar."

Farar ta tafi, ja ta tafi. Dillalin ya sake fentin ofishinsa, ya ƙara fili.

Wata rana 'yar ta kawo abinci da rana. Suka tsaya ita da mijin a bayan rumfata, inda nake jiƙa tayoyi, ba su lura da ni ba. Ba su kuma lura Mai Tsumma ya tsallako yana wanke tsummansa a bokitina ba.

Ta ce, "Don Allah maganar idon Baba. An ce in aka daɗe aikin zai yi wuya."

Ya ce, "Ke ba ki san kasuwa ba. In idon ya warke, in ce wa mutane me ya sa yake sayarwa?"

Na jira ta ce wani abu, ko da kuka ne. Sai ta ce, "To, a bari yara su gama zangon nan."

Mai Tsumma ya matse tsumman, ya ƙara matsewa, ko ɗigo babu. Bai dube ni ba. Ya saɓa shi a kafaɗa ya tsallaka titi, yana juya kai gaba ɗaya don ya ga motocin da ke zuwa ta hagu.

Na ɗauka ba zai dawo ba. Washegari na same shi a kujerarsa kafin in buɗe rumfa. Bai ƙara yi mini maganar tuƙi ba, ni ma ban tayar ba. Abu ɗaya ne ya canza. Da, in mai saye ya shigo, dillalin kan zagayo ya ce, "Baba, ɗan juyo a gaishe ka." Yanzu ba sai an ce ba. Da ya ji ƙarar ƙofar fili, da kansa yake gyara kujera, ya juyo musu da farin idon.