Mzee Kivuva da zalɓen kududdufi

Mu da muke ɗinkin wanduna a masana'antun bakin kogin Athi ba ma kiran wurin da dogon sunansa na hukuma. Cikin katanga muke cewa. Yadi ya shigo ba kuɗin fito, wando ya fita ba kuɗin fito, mu kuwa kullum sai an laluba mana jaka a ƙofa.

A can bayan sito-siton akwai wani kududdufi. Duk ruwan rinin da aka wanke wanduna da shi, bayan an tace, nan yake yada zango kafin a sake shi ya gangara kogi. An zuba karfasa a ciki don su zama shaida: muddin kifi na iyo, ruwan bai cutar da masu noman ganye a gangare ba. Mai kula da kifin shi ne Mzee Kivuva, wani siririn tsoho da ya taɓa yin gadi har gwiwa ta gaza, aka tausaya masa aka ba shi wannan aiki.

Ni dai ban taɓa ganin mutumin da aikinsa ya yi masa daidai kamarsa ba. Da rana mukan kai kwanonin githeri, wato dafaffen masara da wake, mu ci a inuwar da ke kusa da shi, don surutunsa ya fi rediyo. Bai taɓa cin kifin nan ba. Matarsa Syokau ta yi mita har ta gaji.

"Mzee," in ji ni wata rana, "kai kaɗai ne mai kifi da ke cin tuwon ugali da ganye zalla."

"Ke kina dafa abokan aikinki ne, Mama Ndinda?" ya ce. "Ci wakenki ki bar ni."

Abin da ke ɓata masa rai ɗaya ne: tsuntsaye. Balbela, agwagin ruwa, da wani zalɓe mai dogon wuya da ya raina shi ƙwarai. Mzee ya ɗaura igiyoyi, ya rataya gwangwanaye, ya kafa mutum-mutumi sanye da wandon da aka yi kuskuren ɗinkinsa. Sannu a hankali ya ci galaba, ko inuwar fiffike ba ka gani a wurin.

Sai labari ya zo cewa ana son fili don sabon sito, kuma ido ya faɗa kan kududdufin. Aka ce na'urar gwada ruwa za ta iya aikin kifi, a cike ramin a huta. Amma masu sayen wandunanmu a ƙetare sun turo masu awo su duba ko wurin namu zai ɗore ba tare da ya kashe ƙasa da ruwa ba: wuta nawa muke sha, hayaƙi nawa muke fitarwa, me ke rayuwa kusa da mu. Manaja ya ce in masu awo sun ga amfanin kududdufin, a bar shi. In ba su gani ba, shi ke nan.

Mzee bai yi barcin kirki ba a makon nan. Ya share bakin ruwa tas, ya ƙara gwangwanaye, ya sauya wa mutum-mutumi riga.

Wadda aka turo masa wata matashiya ce mai suna Nasimiyu, mai fara'a, da madubin hangen nesa rataye a wuya. Ina wurin, don na yi ƙaryar ciwon kai na fito. Ta ɗebi ruwa a kwalba, ta yaba ƙibar kifin, sannan ta zauna ta zuba wa sama ido. Ta daɗe.

"Mzee, tsuntsaye ba sa zuwa nan ne?"

Ya buga ƙirji. "Ko ɗaya, 'yata! Da hannuna na kore su. Ɓarayi ne."

Ta rufe baki, ba ta san ko dariya za ta yi ba ko kuka. Ta ce masa lafiyar ruwa kam na'ura ma za ta faɗa. Abin da na'ura ba za ta iya ba shi ne ta zama wurin da tsuntsu da kwaɗo za su zauna a tsakiyar wannan siminti. Su ta zo ƙirgawa.

Wallahi tausayinsa ya kama ni. Tsohon ya cire hula ya riƙe da hannu biyu.

"Wato ni na kashe kududdufin?"

"Bai mutu ba tukuna," ta ce. "Zan dawo bayan damina. Ka cire waɗannan tarkacen, ka bar ciyawa ta fito. Kada ka yi komai."

"Kifina fa?"

"Za su ci wasu, Mzee."

Kada ka yi komai ɗin nan shi ne aiki mafi wuya da aka taɓa ba shi. Ya kwance igiyoyin da kansa. Balbela suka fara dawowa, sai agwagi, sai kwaɗi suka cika mana kunne. Ranar da zalɓen ya sauka, yana taku kamar mai gidan haya, na ga Mzee zaune a kujerarsa yana binsa da ido. Bai tashi ba.

Nasimiyu ta dawo, ta ƙirga abin da ta ƙirga tana murmushi. Aka gina sabon siton a wani gefe, aka bar kududdufin. Yanzu har baƙi ake kawowa su gani, Mzee yana nuna musu tsuntsayen ɗaya bayan ɗaya kamar shi ya ƙyanƙyashe su. Ya yi ƙiba kaɗan, dariyarsa ta dawo.

Sai dai kwanan baya na biyo ta wurin da safe, na tarar ya juya kujerarsa, ya ba ruwan baya yana kallon katanga. A bayansa zalɓen ya ɗaga wuya yana haɗiye wata ƙatuwar karfasa.

"Mzee, lafiya kake kallon bango?"

Bai waiwaya ba.

"Na yarda ya ci, Mama Ndinda," ya ce. "Ban yarda in gani ba. In ya gama ki gaya mini."