Wayar da ba ta taɓa ƙasa ba

Shekarun baya, lokacin da aka zo jan manyan wayoyin wuta ta bayan Kurudu, layin ya biyo ta tsakiyar gonar mahaifiyata. An kafa turken ƙarfe ɗaya a gabas, ɗaya a yamma, dawarta kuma a tsakani, ta fitar da kai amma ba ta nuna ba. Wannan dawar ce abincinmu na shekara.

Ni tela ne, ban san komai ba a harkar wuta, amma hakan bai taɓa hana ni yanke hukunci ba. Na ce mata za su ja wayar nan a ƙasa ne, ta kwantar da duk abin da ke hanyarta, gara mu sare wurin mu sayar wa masu shanu tun yana ɗanye. Ta ce a bari a gani. Ban bari ba. Ranar da ta tafi kasuwar Karu na ɗauki adda na sare kunya goma sha biyu, ina jin kaina mai hangen nesa.

Da ranar aikin ta zo, na rufe shago na je kallo. Mutum biyu ne suka bi tsakanin kunyoyi da ƙafa, riƙe da wata siririyar igiya, suka rataya ta a wasu tayoyi da ke lilo a jikin turakun. Inji ɗaya can nesa ya fara jan igiyar, wayar na biye da ita. Wani injin kuma a nan kusa, mai manyan tayoyi biyu da wayar ta kewaye, yana riƙe ta da birki. Abin ya ɗaure min kai: ɗaya na ja, ɗaya na hanawa?

Na matsa wajen ogansu, wani mutumin Jos da rediyon oba-oba a hannu, na tambaye shi. Ya nuna min wani agogo a jikin injin, ya ce idan allurar ta wuce wurin da aka saita, wayar za ta miƙe fiye da kima ko turke ya ji jiki. Idan ta faɗi, wayar ta sauko. Nan take na gane, domin haka zare yake a keken ɗinki. Har robar da aka shimfiɗa a ramin tayoyin ya sa na taɓa.

"To yaushe za ta sauko ƙasa?" na tambaya.

"Ƙasa? Oga tela, wannan waya in ya goga dutse sau ɗaya, an gama. Zai riƙa tsartar wuta yana ƙara har abada. Ba ya taɓa ko ganye."

Na tsaya har la'asar ina kallon waya tana wucewa a sama, sama da dawar da na bari, sama da filin da na share. Kunya ta kama ni sosai, amma ban iya daina kallo ba.

Mahaifiyata ba ta yi min faɗa ba, kuma da ta yi da ya fi min sauƙi. Ta zo ta tsaya kusa da ni, ta dubi sama, ta dubi kututturan da na bari, ta ce, "Su da ba su san ni ba, ko kara ɗaya ba su karya min ba."

A shekarar, dawarmu ta ƙare wata guda kafin sabuwa ta iso, muka koma cin rogo. Har yau idan na ji bakina na shirin bayanin abin da ban taɓa gani ba, ɗanɗanon rogon nan nake ji.